Ramukan Katangar Baba Injiniya

A wani gari da ke kwance a gindin tudu, akwai wani mutum wanda ya yi ƙuruciyarsa a aikin soja. Ba cikin masu harbi yake ba, ko da yake ya iya riƙe bindiga kamar kowa. Shi injiniya ne. In runduna ta iso bakin kogi ta tsaya cirko-cirko, shi ake kira ya kafa gada. In hanya ta yanke, shi ne zai gyara ta motoci su wuce. An kai shi yaƙi wata ƙasa mai nisa, inda ruwan sama ba ya gajiya, ya daɗe a can, sa'an nan Allah ya komo da shi gida da ƙafafunsa biyu. Da ya ajiye kaki ya zauna cikin danginsa, sai sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, yaro da babba kowa sai Baba Injiniya.

Yana da mata, sunanta Dinatu, da 'ya'ya biyu: Filibus ɗan fari, da ƙanwarsa Tabita. Mutum ne mai son iyalinsa, irin son da ba ya ɓoyuwa. Ba ya kai loma baki sai ya tambaya ko yara sun ci. Da ya ga jan guga yana sa Dinatu ciwon baya, sai ya kafa mata ƙarfe mai juyawa a bakin rijiya, har matan unguwa suka riƙa zuwa kallo, daga kallo kuma suka koma ɗiban ruwa a nan. In zazzaɓi ya kwantar da ita, shi da kansa yake shiga madafa ya tuƙa tuwo. Gaskiya tuwon nan gudaji ne zalla, yara kuwa su ci dole, domin mai tuƙin yana zaune yana kallonsu da murmushi. Mutumin da ya ɗora gada a kan manyan koguna, tukunyar tuwo ta gagare shi har ya mutu.

To, filin da ya gada wurin mahaifinsa a jikin gangare yake, wurin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta kwanta. Sai ya sare gefen tudun, ya baje ƙasa ta yi daidai, ya gina gidansa. A bayan gidan ya tayar da katangar dutse mai kauri, wadda ta fi tsawon mutum ko ya ɗaga hannu, domin ta tare ƙasar tudun kada ta gangaro. Ɗakin Dinatu kuwa shi ne mafi kusa da ita, tsakaninsu ɗan lungu ne kawai inda ake shanya. Ku riƙe wannan da kyau: ranar da katangar nan ta faɗi, tudu ne zai sauko ya kwanta a kan ɗakin Dinatu.

Katanga ta yi kyau, kowa ya yarda. Abu ɗaya ne ya ɗaure wa mutanen gari kai. Baba Injiniya ya bar ramuka a jikinta, a jere, wasu can ƙasa, wasu daidai ƙugu. Kowane rami ya cusa masa guntun bututu, faɗinsa kamar hannun jariri zai shiga. Ba taga ba ne, domin in ka leƙa ba abin da za ka gani sai tsakuwa da duhu. Ba kuma rariyar tsakar gida ba ce, wadda kowa ya san aikinta. To mene ne?

Kun san halinmu. Abin da ba mu gane ba, ba ma barinsa ya kwana ba tare da mun ɗinka masa labari ba. Babban maɗinkin labarin kuwa shi ne Barnaba tela, maƙwabcinsu, wanda rumfarsa ke kan wani ɗan tudu daga inda ake hango bayan gidan. Yana taka keke yana kallon katangar, har ya san ramukan fiye da yadda ya san maɓallan rigarsa.

"Wurin sa bakin bindiga ne," in ji Barnaba. "Haka suke yi a fagen fama."

Wani ya ce, "Haba Barnaba, ai ƙasa ce a bayan. Wa zai harba, gara?"

Barnaba ya rage murya ya ce, "Ai shi ne abin tausayin. Yaƙi ya taɓa shi."

Wasu suka ce siminti ne ya ƙare masa. Wasu suka ce gidan tantabara ya so yi ya fasa. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta san macizai za su gode masa. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka tambaye shi baki da baki, ya ba su amsa, ba ɓoyewa ya yi ba. Ya ce, "Ba ƙasar nake tsoro ba, ruwan da ke cikinta nake tsoro. Ku bar masa ƙofa." Sai su gyaɗa kai su ce, "Haka ne, Baba," su fita, su koma wa labarin bindiga, domin shi ya fi daɗi a baki.

Da damina kuma sai abin ya ƙara ba su abin faɗi. Ruwa ya riƙa tsatsowa ta ramukan nan, ya gangaro a jikin duwatsu, ya faɗa wata 'yar magudana da ya gina a gindin katangar, ya fice waje. Inda ruwan ke bi duk ya yi gansakuka, kore shar, ba kyan gani. Mutane suka ce, "Ka ga injiniyan gwamnati guda, katangarsa tana yoyo." A ganinsu ramukan ne ke kawo ruwan.

Ba katangar kaɗai ce ke ba mutane mamaki ba, shi kansa mai katangar haka yake. Ga mutum ƙaƙƙarfa, mai tafiya a miƙe, wanda in ya yi gyaran murya karnukan unguwa ke yin shiru. Amma a majami'a, in aka zo addu'a domin waɗanda ke bakin daga, ko matan zumunta suka ɗauko waƙar ta'aziyya suna buga tulu, sai ka ga hawaye suna bin kumatunsa. Ba ya sunkuyawa, ba ya cewa wani abu ne ya faɗa masa a ido. Ya bar su su zubo, sa'an nan ya share da bayan hannu ya ci gaba da waƙa. Filibus yana can baya cikin samari, kansa a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi.

Wata rana sifanarsa ta kwance ƙarafa ta ɓace, ya yi wa Filibus faɗa mai zafi, yana cewa shi ya ɗauka. Can da yamma ya same ta a aljihun wandon aikinsa. Wani uban da sai ya mayar da ita akwati ya yi shiru, magana ta mutu. Shi kuwa ya fita har dandali inda Filibus ke zaune da abokansa, ya tsaya a gabansu ya ce, "Filibus, na ɗora maka laifin da ba naka ba. Ka yafe mini." Abokan suka ƙunshe dariya, da ya juya baya suka sake ta. Filibus bai ji daɗin wannan neman gafara ba ko kaɗan, ya fi son a ce faɗan aka ƙara masa.

Akwai kuma wani benci a lungun nan na gindin katanga. Da la'asar, musamman in damina ta kankama, sai ya zauna a kai shi da Dinatu. Tana ɓarar gyaɗa, shi yana magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci ya daɗe, wani lokaci kalma kaɗan ya yi shiru. Ba wanda ya san abin da yake gaya mata. Yara sun saba, in sun gan su a nan sai su bi ta wata hanya.

Ya zama kuwa, bayan shekaru masu yawa, mutumin nan ya tsufa, ya yi 'yar jinya da bazara, ya huta. Aka yi jana'iza ta mutunci. Tsofaffin abokan aikinsa suka zo da sandunansu, suka tsaya a bakin kabari suka sara masa. Dinatu ta yi makokinta a ɗakin da ya gina mata. Filibus, wanda yanzu magidanci ne mai cinikin hatsi, yana zaune da iyalinsa a ɗakunan gaba, shi ya zama babba a gidan.

Da shekara ta kusa zagayowa, aka sa ranar sujadar tunawa. Kada ku ɗauka Filibus mugun ɗa ne. Yana ƙaunar mahaifinsa ƙwarai, ƙaunar ce ma ta hana shi zama. Ya ce a ransa, baƙi za su zo daga nesa, za su shiga har bayan gida, su ga katanga mai ramuka da gansakuka, Barnaba kuma ya ja su gefe ya ba su labarin bindiga. Ya ce, "Ni zan fitar da Baba kunya."

A lokacin Dinatu ba ta gida, ta tafi wurin Tabita da ta haihu a wani gari. Sai Filibus ya kira birkila. Aka kankare gansakuka, aka cusa duwatsu a bakin kowane rami aka liƙe da siminti, aka shafe katangar tun daga sama har ƙasa ta yi sumul. Aka yi mata farin fenti. Mai zane ya zo ya rubuta sunan marigayi da manyan baƙaƙe, da muƙaminsa na soja, har da hoton gada a gefe. Ni kaina da na gani da na yaba, domin aikin ya yi kyau.

Dinatu ta dawo ana gobe taro, gida cike da baƙi. Ta zagaya baya, ta ga katanga, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, sa'an nan ta shiga ɗaki, ta bar maganar sai an watse, domin ba a yi wa babban ɗa gyara a gaban baƙi.

Washegari a majami'a Filibus ya tashi ya karanta tarihin marigayi. Ya ce, "Mahaifinmu namijin duniya ne. Bai taɓa jin tsoro ba. Bai taɓa yin kuskure a aikinsa ba. Ba a taɓa ganin ranar da ya karaya ba." Ikilisiya guda, wadda ta yi shekaru tana kallon hawayen mutumin nan kowace Lahadi, ta amsa da babbar murya, "Amin!" Wannan abu yana ba ni haushi har yanzu in na tuna. Muna tsoron faɗin ƙarya a kan mai rai domin zai iya musawa, amma mamaci sai mu yi ta shafa masa fenti.

Da baƙi suka watse, Dinatu ta kira ɗanta. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Kai, zo nan." Ya zo ya durƙusa.

Ta ce, "Wanda ka karanta tarihinsa ɗazu, da ji mutumin kirki ne. Amma ni ban san shi ba."

Ya yi dariya, yana tsammani wasa take yi.

Ta ce, "Ka buɗe ramukan babanku kafin ruwa ya sauka."

Ya ce, "Haba Mama. Shekara nawa ana yi mana dariya a kan ramukan nan? Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki bari dai ki ga damina."

Damina ta faɗi. Aka yi ruwan shuka, aka yi na noma, katanga tana nan fara tas, ko ɗigo babu. Lungun da dā kullum a jiƙe yake ya bushe, har jikoki suna wasa a ciki. Barnaba ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Kai, ɗa ya fi uba! Yoyon da ya gagari injiniya, ga mai hatsi ya tsayar da shi." Filibus ya ji daɗi, baki har kunne. Ya kamo hannun mahaifiyarsa ya kai ta lungun, ya ce, "Mama, taɓa ki ji. A bushe take."

Ta taɓa. Ta ɗaga kai ta dubi tudun da ke sama, ta ce, "Ruwan sama ya ragu ne bana?"

Ya ce, "A'a, ya ma fi na bara."

Ta ce, "To ruwan da dā yake fitowa ta nan, yanzu ina yake?"

Filibus ya ce zai je kasuwa. Amma tambayar ta bi shi har kasuwa. Yana auna masara tana cikin kansa. Lalle ruwa yana sauka a kan tudu. Lalle ƙasa tana shanye shi. Dā yana fitowa, yanzu ba ya fitowa. Ya ce wa kansa wataƙila ya sami wata hanya, ya kawar da zancen.

Sa'an nan marka ta zo, irin ruwan nan da ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya yi ta zuba kwana da kwanaki har kaji su rasa inda za su tsaya. Wata safiya matar Filibus ta je kwashe shanya, ta dawo ta ce masa sunan Baba ya tsage. Ya je ya duba, ya ga wata siririyar tsaga ta ratsa baƙaƙen daga sama zuwa ƙasa. Ya tsaya daga gefe ya daidaita ido da tsawon katangar. Katangar da take miƙe sak ta yi ciki, tsakiyarta ta turo waje wajen ɗakin Dinatu. Itacen gwaba da ke sama a kan tudun ma ya karkato.

Ya ruga ɗakin mahaifiyarsa. Ya same ta zaune a bakin gado, ta naɗe hannu.

"Mama, tashi mu koma ɗakin gaba. Katangar nan ban yarda da ita ba."

Ta ce, "Ba inda za ni. In ka buɗe ramukan ba sai na fita ba. In ba ka buɗe ba, ko na fita gidan ya tafi."

"Mama, don Allah, ba lokacin gardama ba ne."

Sai ta ce, "Filibus." Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya zauna a ƙasa ba tare da an ce ya zauna ba.

Ta ce, "A can wurin yaƙi an sa babanku ya gina katanga irin wannan, ta tare tudu a bayan sansaninsu. Yana saurayi a lokacin, ana ta gaggauta shi. Ya san ya kamata a bar wa ruwa hanya, amma ya ce ba lokaci, in an sami sarari a dawo a huda. Katanga ta yi kyau, manyansa suka yaba. Da ruwa ya yi yawa, wata rana da tsakar rana sojojin da ke ƙarƙashinsa suka fake a gindinta suna cin abinci. Ta fashe a kansu. Har da amininsa, wanda suke cin kwano ɗaya. Shi ya tono su da hannunsa. Ba wanda ya ɗora masa laifi, aka ce ruwa ne. Amma shi ya sani."

Filibus ya ce, "Abin da yake gaya miki ke nan a kan benci?"

"Shi ne. Kowace damina. Ya faɗa, mu yi addu'a, ya tashi ya shiga cikinku yana dariya. Da bai faɗa ba, da ba ku sami uban da kuka samu ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba tun ranar?"

Ta ce, "Sirrinsa ne, ba nawa ba. Kuma na ga kana son uban da bai taɓa kuskure ba, sai na ji tausayinka. Ni ma na yi shiru ya yi yawa. Tashi."

Ya tashi ya ɗauko guduma da guntun rodi mai tsini, ya shiga lungun cikin ruwa. Nan fa wata matsala ta taso. Birkila ya yi aikinsa da gaskiya, katanga ta yi sumul, ba alamar inda rami yake. Ya buga nan, dutse. Ya buga can, dutse. Ga katanga a kansa ta yi ciki, yana jin wani ɗan ƙara daga cikinta kamar ana tauna tsakuwa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma bai fita ba, domin mahaifiyarsa tana bayan bangon da ke bayansa.

Sai ga Barnaba tela ya shigo da buhu a ka, ya ji bugun guduma. Ya duba sau ɗaya ya gane abin da ake ciki. Ya ce, "Ba nan ba! Matsa dama. Ƙasa kaɗan. Akwai ɗaya daidai ƙarƙashin harafin farko na sunan, wani kuma a tsakiyar gadar nan da aka zana." Ashe shekarun da ya yi yana kallon ramukan yana gulma ba su tafi a banza ba, duk garin ba wanda ya san wurarensu kamarsa.

Filibus ya kafa rodi a kan sunan mahaifinsa, ya runtse ido, ya buga. Bayan bugu kaɗan toshiyar ta faɗa, sai ruwa ya yi tsiri, ja wur da laka, ya buge shi a ƙirji har ya ja da baya. Ya matsa gaba, Barnaba yana nunawa yana fasawa. Kowane rami ya buɗe, ruwa ya fito da ƙarfi kamar an kwance famfo. Lungu ya cika, magudana ta ɗauka ta yi waje da shi. Kafin ya gama, sunan ya farfashe, muƙamin ya zube, gadar da aka zana ba ta ganuwa. Zuwa la'asar ƙarfin ruwan ya ragu, ya koma tsatsowa a hankali kamar yadda ya saba, ƙaran da ke cikin katangar kuma ya yi shiru.

Katanga ba ta faɗi ba. Amma katangar da ta yi ciki ba ta komawa, daga baya sai da aka yi mata ginshiƙai aka tokare ta, haka take har yau. Filibus ya ajiye guduma, jikinsa duk laka, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya zauna a ƙofa. Ya ce, "Mama, ba ni labarinsa. Tun daga farko. Na gaskiyan." Ta fara, shi kuwa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, Barnaba yana tsaye a waje yana ji, bai kuwa kai wannan labari rumfa ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ku kasa kunne.

Katangar ita ce mutum, kowane ɗayanmu, musamman wanda wasu ke fake a gindinsa: uba, uwa, babban wa, dattijon ikilisiya. Tudun shi ne nauyin da rayuwa ta jingina masa. Ruwan kuwa shi ne abin da ke taruwa a ciki ba a gani: baƙin ciki, tsoro, laifin da mutum ya yi ya kasa mantawa. Ba wanda ya isa ya hana wannan ruwa sauka. Ramukan su ne ƙofofin da Allah ya ba mu domin ya fita: tuba a gabansa, hawaye, neman gafarar wanda ka ɓata wa ko da ɗanka ne, da mutum ɗaya amintacce wanda za ka gaya wa gaskiya.

Mu kuwa mun ɗauki waɗannan a kan rauni. Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, ba kowace magana ake kaiwa dandali ba. Amma mun wuce gona da iri. Tun yaro yana ƙarami muke ce masa ya yi ta maza, ya haɗiye. Ya girma ya zama magidanci a bushe, fari tas, kowa yana yabo. Sa'an nan wata rana a ji ya fashe, a kan matarsa, ko a kan 'ya'yansa, ko a kwalbar giya, mu riƙe baki mu ce, "Wane? Ai ko gardama ba ya yi!" Ba ranar abin ya fara ba. Kuma ku lura, katanga ba ta faɗuwa a kan baƙo da ke wucewa, a kan na kusa da ita take faɗuwa, waɗanda aka gina ta domin ta kāre. Ubangijinmu kansa, wanda ya fi kowa ƙarfi, bai ɓoye hawayensa ba a bakin kabarin abokinsa. Kai wane ne da za ka fi shi zama namiji?

Simintin da fentin kuma su ne yadda muke tunawa da waɗanda suka riga mu. Mukan shafe duk inda suka yi rauni, mu ce girmamawa ce. Garin neman gira sai mu rasa ido. In ka ce mahaifinka bai taɓa faɗuwa ba, ka ƙwace wa Allah yabon ɗaga shi da ya yi, ka kuma bar wa jikokinsa gunkin da ba za su iya bi ba. Yaron da aka gaya wa kakansa bai taɓa kuskure ba, ranar da ya yi nasa kuskuren zai ɓoye, domin yana ganin shi kaɗai ne lalatacce a zuriyar. Amma wanda aka gaya wa kakansa ya yi babban kuskure, ya kai shi gaban Allah, ya tashi ya riƙe gida da aminci har tsufa, wannan an ba shi gādon da zai yi masa amfani. Ba cewa nake a tona asirin matattu a kasuwa ba. Cewa nake, a cikin gida, a gaya wa 'ya'ya gaskiya.

Saura ku da iyayenku ke raye. Akwai abin da tsohon nan yake yi wanda ke ba ku kunya, ko ya ɗaure muku kai: wata al'ada, wani shiru, wani wurin da ba ya so a taɓa. Kun yi masa dariya, kun ba shi suna, amma ba ku taɓa zama kun tambaye shi dalili kun kuma jira amsar ba. Ku je ku tambaya tun yana iya amsawa da bakinsa. Filibus ya girma a gida ɗaya da mahaifinsa, ya ɗauki gawarsa a kafaɗa, ya karanta tarihinsa a gaban jama'a, amma bai san shi ba sai ranar da ya farfasa sunansa da guduma. A ranar kuwa, uban ba ya raye balle ya ce masa, "Baba, ka yafe mini."